WUƘA TANA HALATTA NAMA, AMMA BA TA YANKA CUTA

Jawabin wani ma'aikacin kiwo ga makiyaya da manoma masu kiwo, a taron shirin damina

Maigari, Ardo, Liman, dattijai, iyayenmu mata da kuka baro tatsa da daka kuka zo, da ku samari masu bin garke, ina gaishe ku da kyau.

Kun saba in kun ga motar ma'aikatar kiwo, ku ce maganar lamba ce ta zo, ko ta ƙidayar garke. Yau lafiyarku ce ta kawo ni, ku da iyalinku. Wani zai ce, mi ya haɗa malamin dabbobi da ciwon mutum, ba ga gidan likita can ba? Abin da ya haɗa mu shi ne, akwai cututtukan da ke fara kama bisa kafin su kama mai ita. Masana sun ƙiyasta cewa cikin cututtuka masu yaɗuwa da aka sani ga ɗan Adam, wajen 6 cikin 10 suna iya fitowa daga dabba. Irin waɗannan, ku ne kuke fara ganinsu cikin garke, kwana da kwanaki kafin likita ya ga mutum na farko kwance. Ke nan ku ne ke bakin ƙofa.

Bari in fara da abin da kowa a nan ya taɓa gani. Saniya ta kwana lafiya, da safe ta ƙi tashi, tana rawar jiki, numfashi sama-sama. Mi ake fara yi? Ana aika yaro da gudu ya ɗauko wuƙa. Tsoron kowa ɗaya ne, kada ta mutu mushe a yi asara biyu. In wuƙa ta riga rai fita, sai a ce alhamdu lillahi, an samu. A feɗe, a kasa, a yi watanda, wanda ba shi da kuɗi a ba shi bashi sai kaka. Ban zo in yi muku dariya ba. Na san abin da saniya take a gida: hatsin wata da watanni ce, sadakin yaro ce, nonon yara ce. Wanda bai taɓa riƙe igiyar shanu ba shi ke cewa a jefar kamar wasa.

Amma ku ji wannan da kyau. Yanka yana fid da nama daga hukuncin mushe, wannan fagen Liman ne, ba ni shiga. Ƙwayar cutar da ke cikin jinin kuwa tana nan inda take, wuƙa ba ta taɓa ta ba. Abin da wuƙa ta yi, ta buɗe mata hanya ce ta fito, ta hau hannun mai yanka, da na mai fiɗa, da na matar da ta wanke kayan ciki. Na kuma tabbata Liman zai gaya muku addini bai yarda mutum ya ci abin da zai cuce shi ba, balle ya sayar wa maƙwabcinsa.

Babbar wadda nake tsoro a wanga fage ita ce saifa. Dattijai sun san ta. Bisa ƙosasshiya, wadda jiya ba ta nuna komi ba, sai a iske ta a faɗe. Cikinta ya kumbura da wuri, gawar ba ta sandare kamar yadda aka saba ba, baƙin jini yana fita ta hanci, ta baki, ta dubura, kuma jinin ba ya daskarewa. Wanda ya yi gangancin buɗe cikin zai ga saifar ta yi girma, ta yi baƙi, ta yi laushi. Daga nan cutar ta samu sunanta. Tana kama shanu, tumaki, awaki, raƙuma, dawaki da jakai, ba ta zaɓe.

Ga abin da ya bambanta ta da sauran. Ƙwayarta, muddin tana rufe cikin gawa, ruɓewa yana cin mafi yawanta. Da zarar an buɗe gawar iska ta same ta, sai ta yi wa kanta ɓawo kamar irin ƙarangiya, ta kwanta cikin ƙasa. Rana ba ta kashe ta, fari ba ya kashe ta. Tana iya yin shekara 20, 30, har fiye, tana jira. Ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare bisashe suna kiwo baki na gogar ƙasa, ko farkon damina da ruwa ya kwaso ta ya tara cikin fadama, sai wata bisa ta haɗiye ta. Shi ya sa kuke ji tsofaffi suna cewa fadama kaza tana cin shanu, ko a ce wurin yana da iska. Gaskiyarsu, wurin yana cin shanu. Amma abin da ke ciki, wata saniya ce da aka feɗe a can, watakila tun kakanku yana saurayi. Manoman Faransa ma haka suka yi ta fama, har suna kiran irin wannan wuri filin la'ana. A can ne, a shekarar 1881, wani masani Luwi Paster ya tara jama'a ya ɗauki tumaki wajen 50, ya yi wa rabi lamba ya bar rabi, sannan ya sa musu cutar gaba ɗaya. Bayan kwana biyu aka dawo: waɗanda ba a yi wa ba sun mutu ko suna bakin mutuwa, masu lamba suna tsaye suna ci. Lambar saifa ta fi shekara ɗari ke nan a duniya, ba gwaji ake yi da bisashenku ba.

Ga mutum fa? In ta shiga ta fata, wurin da ƙaya ta soka ko wuƙa ta ɗan yanka, sai ƙurji ya fito kamar cizon ƙwaro, yana ƙaiƙayi. Bayan kwana kaɗan ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, kewayensa ya kumbura. Abin da ke ruɗin mutane, ba ya cika zafi ba, sai a ce ai ba komi. Wannan, in an tafi gidan likita da wuri, magani yana warkar da shi sarai. In aka zauna ana shafa toka da man shanu, yana iya shiga jini ya kashe. Wadda ta fi muni ita ce ta ci: ciwon ciki mai tsanani, amai, zawo da jini, wani lokaci wuya ya kumbura. Ita wannan ba ta ba da lokaci mai yawa.

Farkon shigata aiki, an kira mu wata rugga da ba zan faɗi sunanta ba. Bijimi ne ya faɗi, aka yanka, aka raba, sauran aka shanya. Ko da muka isa, mai fiɗar yana da baƙin gyambo a damtse, hannu ya kumbura har kafaɗa, ga yara kwance a gida biyu. Naman yana nan rataye bisa igiya, matar gidan tana ce mini ai ya bushe, rana ta kashe komi. Ranar na gane laifin namu ne ma'aikata, ba mu taɓa zama mun bayyana musu ba. To, yau ina bayyana muku: shanya ba ta kashe saifa, banda ba ta kashe ta, gishiri da yaji na kilishi ba su kashe ta. Kada kuma wani ya ce zai dafa ƙwarai ya ci, don kafin nama ya kai tukunya ya bi ta hannu nawa? Fatar ma haka. Fatar bisar da saifa ta kashe, in an yi guga da ita, ko salka, ko buzu, ko an kai wa majemi, an ɗauki cutar ke nan an kai ta bakin rijiya ko cikin gari.

To, mi za a yi in bisa ta faɗi haka farat ɗaya? Kada a yanka, kada a feɗe, kada a ja ta bisa ƙasa. A janye sauran garke daga wurin. A rufe gawar da ƙaya sosai, don kare da ungulu kada su buɗe ta, su ma fiɗa suke yi. A aika wa malamin dabbobi, yanzu ga salula a aljihun kusan kowa. Ƙonewa ƙurmus shi ya fi, amma na san halin itace a ƙasarmu. In ba a iya ba, a gina rami mai zurfin da ya wuce tsayin namiji, wajen mita 2, kusa da inda ta faɗi, amma nesa da rijiya da tabki da hanyar ruwa. A tura gawar ciki, a kankare ƙasar da jini ya zuba a zuba tare, a rufe, a hura wuta bisa inda ta kwanta, a shinge wurin da ƙaya. Aiki ne, na sani. Samari huɗu ne da wuni guda. Ku auna shi da fadamar da za ta ci shanun jikokinku.

Game da lambar saifa, ga abu uku da ake yawan kuskure. Na ɗaya, kowace cuta da lambarta. Lambar ciwon huhu da aka yi wa shanunku ba ta tsare su daga saifa, don haka ku tambaya, ku ce malam, wacce aka yi yau? Na biyu, ƙarfinta shekara guda ne, kuma sai ta yi kamar mako biyu a jiki kafin ta kama, shi ya sa ake so a yi ta kafin lokacin da cutar ta saba tasowa a yankinku. Na uku, kada a haɗa ta da allurar maganin nan mai ruwan ɗorawa da kuke saye a kasuwa, don maganin yana kashe ƙarfin lambar. Gidan binciken lafiyar dabbobi na ƙasa da ke Yamai, wanda ake kira LABOCEL, yana yin lambar saifa, ba sai an jira ta daga wata ƙasa ba.

Yanzu mu bar bisar da ta faɗi, mu zo ga bisar da ta yi ɓari. Tunkiya guda ta zubar da ciki, wannan ana gani kowace shekara. Amma in ka ga biyar, goma, ashirin cikin mako guda, ga ƴan raguna sababbin haihuwa suna mutuwa kamar ana kaɗe su, ga maƙwabcinka ma haka, kuma damina ta yi ruwa ƙwarai tabkuna sun cika sauro ya yi yawa, to ka tsaya. Wannan ita ce alamar masassarar kwarin Rif. An fara gane ta a ƙasar Kenya wajen 1930, a gonar tumaki. Ta tashi a Muritaniya a 1987, ta kuma sake tashi can sau da dama, ta ƙetare teku ta shiga Saudiyya da Yaman a 2000. Mu ma ta zo mana. A 2016, daga watan Agusta, ta ɓulla a jihar Tawa, yankin Cintabaradan da Tasara, har ta taɓa Abalak, daidai lokacin da garkuna ke haurawa Ingal lasar gishiri. An ƙidaya mutane ɗaruruwa da ake zaton sun kamu, sama da 30 suka rasu, mafi yawansu makiyaya ne irinku. Kuma kafin mutane su fara kwanciya, an ga ɓari da mace-mace cikin bisashe.

Yadda take tafiya shi ne, akwai irin sauron da ke yin ƙwai a bakin tabki. Ƙwan yana iya zama cikin busasshiyar laka shekaru da cutar a cikinsa. In ruwa mai yawa ya rufe wurin, sai ya ƙyanƙyashe, sauron ya ciji tumaki da awaki da shanu da raƙuma. Mutum kuma, sauro yana iya sa masa, amma mafi yawa ta hannu take shiga: wanda ya yanka bisa marar lafiya, wanda ya feɗe, wanda ya sa hannu ya jawo ɗan da ya maƙale, wadda ta kwashe mahaifa ta zubar. Bayan kwana 2 zuwa 6 sai masassara, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi. Da yawa suna warkewa cikin mako guda, su ce palu ce. Amma akwai waɗanda take taɓa wa ido har gani ya ragu, akwai waɗanda take hawa wa kai, akwai kuma waɗanda idonsu ke yin ɗorawa su yi ta zubar da jini, kuma cikin waɗannan na ƙarshe kusan rabi ba su tashi. Ba ta da wani magani nata na musamman, taimakon jiki ake yi a gidan likita, shi ya sa zuwa da wuri yake da amfani. Abu guda mai kwantar da hankali: ba a taɓa tabbatar da cewa mutum ya sa wa mutum ita ba. Kada a guje wa marar lafiya, a kai shi likita.

Saboda haka, abin ɓari ba abin taɓawa da hannu tsirara ba ne, ko guda ɗaya ne. In babu safar hannu, ga leda ta cika gari har tana kashe mana awaki, a sa hannu cikin biyu a ɗaure. A binne ɗan da mahaifar da ƙasar da ta jiƙe, kada a jefa wa kare. A wanke hannu da sabuni har gwiwa, in da ruwan jabel a ɗiga. Mace mai ciki kada ta kusanci wurin ko kaɗan. Yara da kuke aikawa su yar da shi bayan gari, ku daina. A kwana cikin sange, ko a daji ne, sanda huɗu sun isa a kafa shi. Kuma in ɓari ya yi yawa, kada a kwashi garken a shiga da shi kasuwa ko babban taro.

Na san abin da wasu ke cewa a zuci: malam, mu tun kakanni muke karɓar haihuwa da hannu, ga mu da rai. Haka ne. Sau ɗari za ka yi ba abin da zai same ka. Matsalar, ranar da cutar take ciki ba ta da wata alama a jikin ruwan haihuwa.

Iyayenmu mata, wannan ɓangaren naku ne, don ƙwarya a hannunku take. Kun san bakkale: saniya ta riƙa ɓari in ciki ya tsufa, wata 6 zuwa sama, mahaifa ta ƙi faɗuwa, gwiwa ta kumbura kamar an cusa tulu, bijimi kuma maraina su kumbura. Awaki da tumaki da raƙuma suna da irin tasu. Saniya mai bakkale tana iya zama da ƙiba, tana ba da nono, alhali ƙwayar tana fita cikin nonon. Mutumin da ya sha ɗanye yana iya kamuwa da masassara mai zuwa tana komawa, zufa da dare har tufa ta jiƙe, ciwon baya, ciwon gwiwa, kasala wata da watanni. Ya sha maganin palu sau uku, sau huɗu, ba sauƙi, a ce sammu ne. Magidanci ya kasa noma damina guda. Tana da magani, amma iri biyu ake haɗawa a sha har mako 6 ba fashi, kuma likita ba zai yi tunaninta ba sai kun gaya masa. In kun je, ku ce: ni makiyayi ne, ina shan ɗanyen nono, shanuna sun yi ɓari. Wannan magana kaɗai tana iya sauya maganin da za a ba ku.

A tsibirin Malta, sojojin Ingila sun daɗe suna kwanciya da wannan masassara ba a san dalili ba. A 1905 aka gano tana cikin madarar awaki, aka hana su sha, cutar ta kusa ɓacewa daga barikinsu. Mu ba mu ce ku daina shan nono ba, wa zai ce wa Bafulatani haka ya kwana lafiya? Cewa muka yi a tafasa. A ɗora madarar bisa wuta har ta taso, a sauke, ta huce, sannan a zuba ɗan tsamin jiya a rufe. Kindirmo zai kama, har ya fi daɗewa bai lalace ba, masu kai nono gari sun san haka. Tsami kaɗai ba abin dogara ba ne, yana rage ƙwayar amma ba a tabbatar ya gama da ita. Na sha jin ana cewa in an dafa madara hantsar saniya tana ƙafewa. Ina roƙon wadda ta yarda da haka ta gwada da saniya guda wata guda, ta zo ta ba mu labari. Tafasawar nan kuma jifa ɗaya ce tsuntsu uku: bakkale, masassarar Rif, da tarin fuka na shanu, wanda shi ma yana bin madara ya kama yara, ya fito musu da kumburi a wuya. Madarar raƙumi ma haka, ko da ana ce mata magani. Cukun da aka yi da ɗanyar madara, musamman sabo wanda bai bushe ba, a kiyaye ba yara da masu ciki.

Tun da na ambaci tarin fuka, in ce wa mahauta kalma guda: hatimin da malamin dabbobi ke bugawa bisa nama a mayanka ba don haraji ba ne kawai. Huhu da hanta yake dubawa. Mai saye, in ka ga nama yana araha fiye da kima kuma ba hatimi, ka tambayi inda aka yanka.

Saura kare. Makiyayi ba ya rabuwa da kare, shi ke tsare garke daga dila da ɓarawo. Amma haukar kare ita ce cutar da, in alamunta suka bayyana ga mutum, ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Abin takaicin, tsakanin cizo da bayyanar ciwo akwai lokaci, sau da yawa wata 1 zuwa 3, kuma cikin wannan lokaci ana iya tsare mutum sarai. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, nan take a wanke wurin da ruwa da sabuni, ana zuba ruwa ana wankewa har minti 15. Minti 15 yana da tsawo, ku duba agogon salula. Kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a cusa gashin karen ko barkono. Daga nan a nufi gidan likita ranar, ba sai ran kasuwa ba, a karɓi allurai, kuma a cika su duka ko da ciwon ya warke. Karen kuma, in na gida ne kuma ana iya kama shi ba haɗari, a ɗaure shi a sa ido aƙalla kwana 10, a sanar da mu. Amma kada a jira sakamakon kare kafin a fara allura. Ku gaya wa yara kada su ɓoye cizo don tsoron duka, yaro da yawa ɓoyewar ce ta kashe shi.

Akwai wani abin da ya shafe ku fiye da mutanen gari. Kare mai hauka ko dila yana cizon saniya, ko jaki, ko raƙumi, ba ku gani ba. Bayan makonni saniyar ta fara dalala, tana kuka da wata irin murya, ta kasa haɗiya, tana yunƙuri kamar za ta yi kashi. Mai ita ya ce ƙashi ne ko leda ta maƙale mata, ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin bakinta. Ga kaushi da tsaga a hannun, ga yawun cike da cuta. Don Allah, bisar da ke dalala ta kasa haɗiya, kada a sa mata hannu a baki. A ɗaure ta gefe a kira mu. Karnukan rugga kuma a yi musu lamba. Masana sun nuna in an yi wa 7 cikin 10 na karnukan yanki, cutar tana yankewa a wurin.

Na bar magana mafi nauyi ƙarshe, ita ce ta ɓoyo. Na san dalilin da ya sa ba ku son gaya mana. Kuna tsoron a hana ku tashi, a rufe kasuwa, dillalai su ji su karya kuɗin bisashenku, ko a ce ruggar wane ce ta kawo ciwo. Ba zan yi muku ƙarya ba: in saifa ce ko masassarar Rif, za a iya ce muku ku dakata da tafiya na wani lokaci, kuma wannan yana da ciwo ga mai neman ciyawa. Mu ma muna da namu laifi, akwai ranar da za ku kira a ce ba mai a mota. Amma ku duba ɗaya gefen. Mutumin da ya ɓoye, ya kora garkensa da dare, ya shayar a rijiyar gaba, ya sayar da marasa lafiya a kasuwar mako, bai tsira da komi ba. Garkensa ya ci gaba da mutuwa, kuma rijiyar da ya ɓata, ɗan'uwansa ne zai sha a can gobe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an sanar da wuri, ana yi wa garkunan kewaye lamba, a gaya wa gidan likita su shirya, abin ya tsaya ga rugga ɗaya.

Dattijan da ke nan sun tuna bushiya, wadda ke share garke ta bar mutum da sanda kaɗai. Tun daga 1962 aka shiga yi mata lamba ƙasa-ƙasa, ana huda kunnen shanu, iyayenku suna kawowa, wasu suna gudu da nasu daji. Ta lafa, aka yi sake, ta dawo wajen farkon shekarun 1980, aka sake tashi. A 2011 aka bayyana cewa babu ita a duniya gaba ɗaya. Samarin nan ba su taɓa ganinta ba. Ba likitoci kaɗai suka yi wannan ba, da makiyayan da suka kawo shanunsu, suka kuma faɗi inda ciwo yake.

Abin da nake roƙo kafin mu tashi, Maigari da Ardo, ku zaɓa mana mutum biyu, namiji da mace, waɗanda ake jin maganarsu. Mu ba su lambar salularmu da ta gidan likita. Duk wanda bisarsa ta faɗi farat ɗaya, ko ya ga ɓari ya wuce kima, ko kare ya yi cizo, su za a fara gaya wa, ko da tsakar dare ne. Mace kuwa dole ce a ciki, don ɓarin akuya da ciwon yaro, su ke fara sani kafin maigida. A kuma aje sabuni guda da leda mai kauri da shebur a gidan Ardo, don ranar da abin ya faru kada a tsaya nema.

Dattijai kuma, ina son ku zauna da ni bayan la'asar ku lissafa mini wuraren da kuka san suna cin shanu, ko da tun zamanin iyayenku ne, mu rubuta su, mu san garkunan da za a fara yi wa lambar saifa bana. Ardo, ka ce akwai saniyar da gwiwarta ta kumbura kuma ta yi ɓari bara. A ware madararta daga yau, in an yi salla mu je mu gan ta. Wanda ke da tambaya ya yi, iyayenmu mata ku fara.